Shekara Huɗun Shamsuddin

"Shamsuddin Cindo!"

Mai lasifika ya ja sunan har muryarsa ta dushe, makaɗa suka ɗauka, filin gidan matasa na Birnin Ƙonni ya ruɗe da tafi. Na miƙe daga kujerar da aka ajiye mini kusa da manyan baƙi, ina gyara babbar rigar da ban saba da ita ba. A can ƙarshen rumfa, bayan layin 'yan makaranta, wani mutum ma ya yunƙura zai miƙe. Ya kai rabi, sai ya tuna. Ya koma ya zauna yana kakkaɓe gwiwar wandonsa, wai don a ce abin da ya tashe shi ke nan. Ba wanda ya lura da shi sai ni. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma sunan da aka kira nasa ne.

Ni sunana Almustafa. Shekara goma sha huɗu ke nan rabona da in amsa shi.

Mataimakin magajin gari ya karanto tarihina daga takarda. Ɗan Tsarnawa ne, ya ci kofin tanis na yaran Afirka ta Yamma yana ɗan shekara goma sha uku, ya buga a ƙasashe goma sha ɗaya, ya taɓa shiga jerin 'yan wasa ɗari shida na duniya. Rabin mutanen da ke tafi ba su taɓa ganin filin tanis ba. Kafin a fara taron ma wani dattijo ya riƙe hannuna ya tambaye ni ko ni ne mai tsaron raga. Mataimakin ya rufe da cewa abin takaici ne ciwon gwiwa ya sa na ajiye wasa ina da shekara ashirin da bakwai kacal. Gwiwata dai ba ta iya karatun takarda ba, ta san talatin da ɗaya gare ta.

Aka miƙo mini lasifika in yi wa yara nasiha. Na ce su dage da aiki, su riƙe gaskiya. Da bakina na faɗi haka, ƙanena yana zaune yana kallona, kuma aka yi mini tafi.

* * *

Ina ɗan shekara goma sha biyu Kawu Sharifu, ƙanen mahaifiyarmu, ya tafi da ni Yamai. Gadi yake yi a wani kulob inda Turawa da manyan ma'aikata ke buga tanis da yamma. Aikina tsintar ƙwallo. Da tsakar rana, in fili ya yi zafin da ba mai taka shi sai mahaukaci, nakan ɗauki wani tsohon raket, abin buga tanis, da aka jefar in yi ta dukan bango da ƙwallo. Shekara biyar ina dukan bangon nan kafin Mushe Sani, wato Malam Sani a bakin masu Faransanci, mai horar da 'yan wasan kulob ɗin, ya tsaya wata rana ya kalle ni da kyau.

"Shekarunka nawa?"

"Sha bakwai, Mushe."

Ya ja tsaki, ya zagaye ni yana duba ƙafafuna da kafaɗuna. Ni kuwa ƙanƙane ne, siriri, wanda duk ya gan ni sai ya rage mini shekara uku ba tare da na roƙa ba.

"Mai sha bakwai da ke bugu haka ba kowa ba na," in ji shi. "Amma mai sha uku da ke bugu haka, har Turai za a ji labarinshi. Kana da ƙane?"

Ranar Asabar muka shiga mota zuwa Tsarnawa. Mahaifinmu, Malam Cindo, ya saurari Mushe Sani a zaure har ya gama, sannan ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin da yake ajiye takardu. Baba bai yi boko ba. A wurinsa takardar haihuwa kayan gwamnati ce da aka ba shi ajiya, shekarun mutum kuwa suna wurin Allah, ba mai taɓa su. Mushe ya zaɓo ta Shamsu, ya ce a ba Shamsu tawa, don kada a sami mutum biyu da suna ɗaya.

"Duka ɗiyana na," in ji Baba. "In wanga ya samu, wancan ma ya samu."

Ba a tambayi Inna ba. Ba a tambayi Shamsu ba, yana lakwal, wato makarantar boko, a lokacin. Ni an tambaye ni, kuma ban bari an gama tambayar ba na ce to.

Shamsu yana ajin ƙarshe na firamare, kuma tun da ya shiga lakwal ba wanda ya taɓa karɓe masa na ɗaya. Da lokacin haɗa takardun jarrabawa ya zo, ya kai wadda ke hannunsa. Ma'aikacin da ke dubawa a birni bai taɓa ganin fuskarsa ba. Ya ga shekara goma sha bakwai, ya ja jan biro, ya rubuta cewa yaron ya wuce shekarun shiga kolej. Sau biyu malaminsu yana zuwa gidanmu yana roƙon Baba a dawo da takardar gaskiya. Kafin nan takardar ta riga ta zama fasfo, da hotona da zanen yatsuna a ciki.

Mushe Sani ya koya mini abubuwa da yawa, amma darasin farko ba na raket ba ne. Yakan bari sai na shagala, ya zagayo ta bayana ya ƙwala kira, "Almu!" In na waiwaya, zagayen fili goma. Cikin wata ɗaya wuyana ya haddace. Darasi na biyu shi ne reza. Kowace safiyar gasa nakan kulle kaina a makewayi in goge haɓata kafin sauran yara su farka.

Wasan ƙarshe na kofin nan da ake ta yabona a kai, da wani yaro daga ƙasashen gaɓar teku na buga shi. Shi shekararsa goma sha uku ce ta gaske. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ƙwallona na tsage masa hannu, har raket ya suɓuce masa sau biyu. Da aka tashi ya zauna a bakin fili yana kuka. Mahaifinsa ya zo ya ba ni hannu, ya riƙe nawa ya daɗe, idonsa a kan haɓata. Ya ce da Faransanci, a hankali, "Ka girma da wuri." Har yau in na tuna sai in ji kunya ta sauko mini tun daga ƙeya.

Kofin ya buɗe mini ƙofar wata makarantar horo a Arewacin Afirka, daga nan na shiga ƙananan gasa na ƙwararru. Kada a ruɗe ku da jawabin mataimakin magajin gari. Rayuwar mai lamba ɗari shida a duniya ita ce kwana a kujerar filin jirgi, da ɗaura wa raket zare da hannunka, da buga wasa gaban mutum tara, uku daga cikinsu alƙalai. Kuma shekarun aro suna ƙarewa. Da takarda ta kai ashirin, yaran da nake lallasawa suka yi ƙashi suka kamo ni, wasu suka wuce. Ba ni kaɗai ba ne. A ɗakin sauya kaya mukan gane juna ba sai an faɗa ba, har da barkwancinmu: in an tambayi mutum shekarunsa sai a ce, na takarda ko na uwa? Mukan yi dariya sosai. Ban taɓa jin ɗayanmu ya tambayi ina mai takardar yake ba.

Yanzu gwiwa ta ƙi. Amma wani kulob a Faransa ya ba ni aikin horar da yara, biza tana cikin fasfo, jirgi ranar Lahadi. Na zo gida ne a karrama ni, in yi sallama.

* * *

Washegarin taron na sami Shamsu a bayan gida, a rumfar da yake tara albasa. Yana tsugune yana auna irin albasa yana zubawa a ƙananan ledoji. Sai da na matso na gane abin da yake awo da shi. Kofina ne na Afirka ta Yamma, wanda na kawo wa Baba ya ajiye. Hannu ɗaya ya karye, amma rubutun jikinsa na nan.

Ya ga inda nake kallo. "Daidai shike da rabin tiya," ya ce. "Kuma sunana na a jiki, ba mai ce na sata."

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba, na zauna a kan buhu. Shamsu ya fi ni tsawo yanzu, ya fi ni faɗin kafaɗa, rana ta dafa shi. In aka jera mu aka ce a nuna babba, shi za a nuna. Na san ya yi shekara huɗu yana zuwa Ƙonni a kan keke bayan la'asar, yana ɗaukar darasi tare da yaran da ya girme su, har ya ci jarrabawar birebe, ta kammala ƙaramar sakandare. Inna ce ta gaya mini a waya. Na aika masa da saƙon murna mai layi ɗaya daga wani otal.

"Yaya, akwai konkur, jarrabawar ɗaukar malaman lakwal," ya ce, bai ɗago ba. "Ran Juma'a za a ruhe karɓar dosiye, takardun masu nema."

"Madalla. Ka shiga mana."

"Na tahi. Sun ce wanda ya wuce talatin ba shi shiga."

Na dubi kofin da ke hannunsa.

"Takarda ta ce talatin da ɗaya gare ni."

"Kai, shekara guda tak," na ce, don in sami abin cewa.

"Shekara huɗu, Yaya."

Ya ɗaure bakin leda, ya ajiye, sannan ya juyo ya dube ni. Ya ce ya je jastis, wato kotu, ya tambaya. In muka je mu biyu tare da Baba da shaidu biyu, na faɗa wa alƙali da bakina abin da aka yi, alƙali zai iya ba shi takardar da zai haɗa da dosiyensa kafin a gyara sauran. Ya riga ya sami shaidun, tsohon malaminsu da ladanin unguwa.

"Ka san abin da za ya biyo baya?" na ce. "Fasfona za ya zama na jabu. Aikin Faransa ya tahi. Kohin ga ma sai sun karɓe shi."

"Su karɓa, in nemi gwangwani." Ya ɗan yi murmushi, murmushin ya ɓace. "Ban taɓa roƙonka komi ba. Ɗakin siminti, Inna kag gina ma. Babur da ka aiko, na gode. Amma ni ba babur nike so ba, allo da alli nike so. Jiya na ji da kunnena an ce ka aje wasa. To ka gama da su ke nan. Aro anka yi maka, Yaya. Mi za ka yi da su kuma?"

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na iya zagi, na sha shi a harsuna huɗu daga bakin 'yan kallo. Amma ya yi maganar ne kamar mai tambayar galmar da maƙwabci ya ara tun bara. Na ji idona ya cika. Na ce, "To. Ran Alhamis mu tahi."

Ya ce, "Allah shi kai mu," ya ci gaba da awonsa.

* * *

Baba ya tsufa, ido ɗaya ya daina gani. Da Shamsu ya gaya masa na yarda, sai ya sa aka fito da farar rigarsa ta sallar idi a wanke. Ya kira ni zaure, wurin da aka yi musayar.

"Ni nay yi wanga aiki," ya ce. "Ni na ɗauka takarda takarda ta. Shekara sha huɗu ina ganin yaron ga shina wucewa gaban lakwal shina kau da kai. In alƙali ya ce a ruhe wani, ni za a ruhe. Kai dai ka hwaɗi gaskiya."

Tsoho mai ido ɗaya ya shirya shiga kaso, ni kuwa ina zaune gabansa ina tunanin biza.

Inna Hawa'u ba ta ce komai ba game da maganar. Ni ne ɗanta na fari, don haka tun da aka haife ni ba ta taɓa furta sunana ba, kamar yadda kunyar ɗan fari ta gada. Ina ƙarami "kai yaro" take ce mini. Da na tafi birni na koma "mutumin Yamai". Ko a gaban likita aka tambaye ta sunan babban ɗanta, sai ta juya ta nemi wani ya faɗa. Ranar Laraba ta dama mini fura da kanta, ta zauna tana kallona ina sha, ta ce, "Mutumin Yamai, ka rame." Shi ke nan abin da ta faɗa.

Da hantsi na fita bayan gari, na bi ta gonakin gero da aka girbe, ina maimaita abin da zan faɗa wa alƙali. Kalmomin ba su da wuya. Sunana Almustafa, an haife ni shekara huɗu kafin abin da ke rubuce. Na faɗe su da ƙarfi sau uku, ba kowa sai awaki. Sai na ciro fasfo daga aljihu na buɗe shafin biza, na tsaya ina kallonsa. Na tuna ba ni da birebe, ba ni da gona, ban iya komai ba sai dukan ƙwallo ta tsallake raga. Na ga kaina a Ƙonni, yaran da na yi wa nasiha suna nuna ni da baki.

Na kira Mushe Sani.

"Ka haukace?" ya ce. "Kai kaɗai kake tsammani? In ka buɗe baki, mutum ashirin za su hwaɗi tare da kai, har da yaran da ke bisa hanya yanzu. Ka tahi Faransa, ka yi aiki, ka taimaki ƙanenka daga can. Konkur ai ba ta ƙarewa."

Konkur tana ƙarewa ga wanda takarda ke ƙara wa shekara kowace damina, kuma na san haka. Gaskiyar ita ce na kira Mushe Sani ne don na san abin da zai ce. Kafin in koma gida na sayi tikitin motar Yamai ta waya, ta ƙarfe tara na safiyar Alhamis. Na gaya wa kaina ko da za a buƙata ne.

* * *

Ranar Alhamis gidan ya tashi da wuri. Baba ya sa farar rigarsa tun bayan sallar asuba, yana zaune a kan tabarma ya miƙe ƙafa don kada ta yamutse. Shamsu ya goge takalminsa, ya sa takardunsa cikin sabuwar jakar leda mai maɓalli. Ladan da tsohon malamin za su zo ƙarfe takwas, a tafi tare.

"Bari in riga ku," na ce. "Sai an yi hoton fasfo, kada mu tarar da layi. Mu haɗu ƙofar jastis ƙarfe tara."

"To, Yaya," in ji Shamsu. Bai ma ɗago daga takalmin ba. Ya yarda da ni.

Na shiga ɗaki na rataya jakar raket, wadda na cusa kayana a ciki tun jiya. Na bi ta ƙofar baya. Inna tana wurin, tana ba tumaki dusa. Ta dubi fuskata, ta dubi jakar.

"Hoton takarda da kaya ake zuwa?"

"Akwai abin da za ni ba wani a Ƙonni, Inna."

Ta ajiye kwanon dusar. Na wuce ta, na kama lungun da ke fita bakin titi. Ina jin takunta a bayana, takun tsohuwa mai silifa, tana ƙoƙarin kamo ni ba tare da ta yi gudu ba. Na ƙara sauri, gwiwata tana suka. Na kusa ƙarshen lungu sai takun ya tsaya.

"Almustafa."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Muryarta ta ɗan sarƙe a tsakiyar sunan, don bakinta bai taɓa bin hanyarsa ba. Wata mata da ke shara a ƙofar gidanta ta tsaya cak da tsintsiya a hannu. Shekara talatin da ɗaya Inna tana riƙe da sunan nan a cikinta, ta fito da shi a tsakiyar lungu, gaban maƙwabta.

Ban waiwaya ba. Zan so in ce horon Mushe Sani ne, wuyana ne ya saba. Ƙarya ne. Na ji ta sarai, kuma sai da na yi da gaske na hana kaina juyawa. Na ɗaga wa mai kabu-kabu hannu, na hau, na ce tashar Ƙonni.

A tasha fasinjoji sun yi layi a gindin motar Yamai, ma'aikaci yana tsaye a ƙofa da takardar sunaye. Ƙarfe tara saura kaɗan waya ta fara rawa a aljihuna. Ta tsaya, ta sake farawa. Ban ciro ta ba. Daga tashar zuwa ƙofar jastis tafiyar minti goma ce a ƙafa, ko da gwiwa irin tawa. Na san yanzu Baba yana zaune a kan benci ya tattare farar rigarsa, Shamsu kuma yana tsaye a bakin hanya da jakar leda a ƙirji, yana duba fuskar duk wanda babur ya sauke.

Ma'aikacin ya lashi yatsa ya juya shafi.

"Shamsuddin Cindo?"

"Na'am," na ce, na miƙa masa tikitina.